Wa Aka Ƙirga, Wa Aka Manta? Tarihin Buɗe Ƙofar Jami'a, Daga Junju Zuwa Harobanda



Idan lokacin makon al'adu ya zo, harabar jami'a takan yi kyau ƙwarai. Ƙungiyoyin ɗaliban jihohi su kafa rumfuna, ƴan Agadas da rawani da takoba, Fulani da malfa da sanda, nan kopto, can dambu, gaba kilishi. A yi wasan taubasai, Bagobiri ya tsokani Bazabarme, Ba'are ya tsokani Bafillace, a sha dariya. Manya su hau mumbari su ce jami'a gidan kowa ce, kuma ban ce ƙarya suke ba. To amma a irin wannan bikin ne wata abokiyar karatuna ta tambaye ni wace rumfa ce tawa. Na ce mata daga Junju nake, garin da takardun gwamnati ke rubutawa Dioundiou. Ta ce, "To ai Bahaushe ne kai." Na ce i, Hausa nake yi, amma kakata ta wajen uba Bakyanga ce. Sai ta ce, "Mi ne ne Kyanga kuma? Sunan ƙauye ne?"

Ba don raini ta faɗa ba. Ba ta taɓa ji ba ne, a lakwal ko a rediyo. Ni kaina, da nake karatun kimiyyar harshe, ban iya haɗa jimla guda da Kyanganci ba. Wannan tambaya tata ce ta sa na koma na bi tarihin yadda aka yi ta buɗe ƙofar babban karatu a ƙasarmu, don in ga su wa aka shigo da su a kowane zamani, su wa aka bari a waje, kuma wa ya tura ƙofar. Abin da na gani shi ne, ƙofar ba ta taɓa buɗewa da kanta ba. Kullum sai wani ya tsaya ya ƙirga mutanen da ke ciki, ya ce akwai waɗanda ba su nan.

Junju da maƙwabtanta

Bari mu fara daga gida. Junju na cikin Dallol Mawuri, a jihar Doso, ƙasar rake da giginya, ba nisa da gishirin Foga. A da tana ƙarƙashin Gaya, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ƙananan hukumomi uku: Junju, Karakara da Zabori. Gabas da mu Najeriya ce, ga Kamba ga Kangiwa. Kudu kuma, idan ka isa Gaya ka haye kogi, ka shiga Malanbil ta ƙasar Benin. A kasuwa ɗaya za ka ji Hausa, Zabarmanci, Dandanci da Fillanci, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga mai tallar goro tana juya uku daga ciki ba tare da ta san ana ba mutum digiri kan irin wannan ba.

Kyangawa, waɗanda Faransawa suka rubuta Tchanga ko Tienga, suna cikin tsofaffin mazauna wannan yanki. A tarihin baka na Gaya su ake kira masu ƙasa, su ne ke riƙe da al'amuran ƙasa da tsafinta, sarauta kuwa ta koma hannun zuriyar Songai, waɗanda ƙarfinsu ya dawo Dandi bayan sojojin Maroko sun ci daular a Tondibi a 1591. Harshen Kyangawa ba dangin Hausa ba ne, ba kuma dangin Zabarmanci ba. Ɗan gidan Mande ne, ƴan'uwansa na kusa su ne Shanganci da Busanci da harshen Boko na Bargu (wannan sunan al'umma ne, ba bokon makaranta ba), na nesa kuwa har da Bambara ta Mali. Yau yawancin Kyangawa sun koma yin Hausa ko Dandanci, masu yin harshen kakanni sun ragu ƙwarai. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Ƙofar farko: Faransanci kaɗai

Farkon haɗuwar Junju da Faransa ba da alli da allo aka yi ta ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta biyo ta nan da kisa da ƙone-ƙone, kafin ta wuce Lugu inda ta gamu da Sarauniya, ta wuce Birnin Ƙonni. Bayan haka yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898, 1904 da 1906 suka ja layi a tsakiyar dangi: Junju ta faɗa hannun Faransa, Kamba ta faɗa hannun Ingila. Wannan layi ya raba har irin makarantar da yaro zai shiga.

A wancan gefen, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma da Hausa ake fara karatu. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya. A namu gefen kuwa lakwal Faransanci ce tun ranar farko. Taron Barazabil na 1944, wanda ake yaba masa cewa ya sassauta mulkin mallaka, shi ne kuma ya jaddada cewa da Faransanci kawai za a koyar, an hana amfani da harsunan gida a makarantun gwamnati da masu zaman kansu. Daga nan iyayenmu suka san sambol: wani ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Babana yana ba da labarin yana dariya, amma ya ce har ya gama firamare bai taɓa ɗaga hannu a aji ba, tsoro yake kada bakinsa ya suɓuce. Ku lura da wayon abin: ba mushe ke kamu ba, yara ke kama junansu.

Waɗanda suka tsallake wannan siraɗi ƴan kaɗan ne. Mafi hazaƙa a tura su makarantar William Ponty a Senegal, inda su Bubu Hama da Diori Hamani da Jibo Bakari suka yi karatu. Lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma babu jami'a ko ɗaya a ƙasar. Mai son digiri sai Dakar, ko Abijan, ko Faransa. Malaman allo da na zaure, masu rubuta Larabci da ajami tun kafin zuwan Nasara, ba a ƙirga su cikin masu ilimi ba. Sai a 1957 aka buɗe madarasar Sayi mai haɗa Larabci da Faransanci, daga baya kuma Jami'ar Musulunci ta Sayi ta fara aiki a 1986, bisa shawarar da ƙasashen Musulmi suka yanke a Lahor a 1974.

Jami'a a hayin kogi

A 1971 aka kafa cibiyar babban karatu a Yamai, a 1973 ta zama Jami'ar Yamai, shugabanta na farko shi ne masanin lissafi Bubakar Ba. Mazauninta yana Harobanda, a hayin kogi, kuma gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ce ta haɗa ta da gari. Wannan babban ci gaba ne: ɗan manomi zai iya yin lisansi ba tare da fasfo ba. Amma harshen aji bai sake ba.

Mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa tun 1992 ya ga wannan matsala tun da wuri. An haifi Abdu Mumuni a Tasawa a 1929, masanin fiziks ne, ya yi suna kan binciken hasken rana, ya shugabanci jami'ar daga 1979, ya rasu a 1991. A 1964 ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya nuna cewa makarantar da ta juya wa harsunan jama'a baya tana yanke yaro daga mutanensa, kuma tana rufe ƙofa ga mafi yawa. Ya nemi a koyar da harsunan Afirka. Wato ba malamin adabi ba ne ma ya ɗaga murya, mai lissafi da madubin tara rana ne. Sau nawa muke wucewa ƙarƙashin sunansa mu shiga anfi ba mu san haka ba?

Ba shi kaɗai ba ne. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan Hausa, Fillanci, Barbarci, Tamajak, Songai-Zabarmanci da Mandinko. A 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974 da sunan CELHTO, inda Julde Laya ya daɗe yana jagoranci. Bubu Hama ya tara rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda ke ajiye yau a cibiyar IRSH ta jami'a. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo. Daga baya gwajin ya kai harsuna biyar: Hausa, Zabarmanci, Fillanci, Tamajak da Barbarci. A 1980 masana Nijar da Najeriya suka zauna a Yamai don daidaita rubutun Hausa. Malamai irin su Abdu Hamani, wanda ya yi nazarin nahawun Zabarmanci, da Fatimata Munkaila, wadda ta tattara adabin bakan Songai-Zabarma, da Abdu Mijingini mai ƙamus na Hausa, sun nuna cewa harsunanmu abin nazari ne a jami'a, ba na hira a gindin bishiya kawai ba.

Sai dai kalmar "gwaji" ta daɗe ba ta tashi daga kan waɗannan makarantu ba. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, amma mu da muka tashi bayan wannan doka mun sani, da Faransanci muka yi bak, da shi muka cika takardun shiga fak.

Gada, bursi da nisan hanya

Harshe ba shi kaɗai ke tare ƙofa ba. Akwai aljihu. Ɗan Junju da ya ci bak, idan ba shi da dangi a Yamai, abubuwa uku ke riƙe shi a karatu: bursi, gado a site, da tikitin resto. Wanda ubansa ma'aikaci ne a babban birni zai iya jure jinkirin wata uku. Wanda ubansa sai ya sayar da rake ko buhun gero kafin ya aiko da jika biyar, shi jinkirin wata uku na iya zama ƙarshen karatunsa. Don haka duk maganar haɗa kowa da kowa da ba ta taɓo bursi ba, ado ce kawai.

Magabatanmu sun fahimci wannan, har sun biya da rai. A ƙarshen shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni ya iso fannin ilimi, ana shirin rage tallafin ɗalibai. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibu, ɗalibai ƙarƙashin ƙungiyar USN suka taso daga Harobanda za su shiga gari. A gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka kashe uku: Aliyo Nahanci, Isaka Kaine da Abdu Maman Sagiru. Jinin nan yana cikin abin da ya tilasta wa gwamnati amincewa da jam'iyyu da yawa da kiran Babban Taron Ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, kuma malamin jami'a ne, Andre Salifu, ya shugabance shi. Duk shekara muna tunawa da 9 ga Fabrairu a matsayin ranar shahidan demokraɗiyya, haka ne. Amma kada mu manta tushen tafiyar: tambaya ce ta ko ɗan talaka zai ci gaba da zama a aji.

Nisa ma ƙofa ce. Kusan shekara 40 jami'ar gwamnati ɗaya ce tak a ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan ɗaya. Sai a 2010 aka kafa ta Maraɗi, ta Tawa da ta Damagaram, a 2014 aka ƙara ta Agadas, Difa, Tilaberi da tamu ta Doso. Ga uban da ba zai bar ɗiyarsa ta tafi Yamai ba, amma zai yarda da Doso don akwai gwaggonta can, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar da mata suka ƙirga

Misali mafi kyau na ƙirgar da nake magana a kai, mata ne suka ba da shi. Da aka kafa kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa a 1991, akwai wakilan ƴan ƙwadago, na ɗalibai, na jam'iyyu, na gwamnati. Kowa na ta faɗin sabon zamani ya zo. Da aka duba, mace ɗaya ce tak a cikin kwamitin gaba ɗaya. Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka fito titunan Yamai suka ce ba su yarda ba, dole aka ƙara musu kujeru. Shi ya sa 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar. A shekara ta 2000 aka yi dokar kaso: aƙalla kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, daga baya aka ɗaga adadin har sau biyu, a 2014 da 2019. A jami'a kuma Buli Ali Diallo, masaniyar kimiyyar halittu, ta hau kujerar shugabancin Jami'ar Abdu Mumuni.

Abin lura a nan: waɗanda suka manta da mata a 1991 ba sojoji kaɗai ba ne. Har da masu fafutuka, har da wakilanmu na ɗalibai, mutanen da suka sha hayaƙi a gada shekara guda kafin nan. Wato mutum na iya zama wanda aka zalunta, kuma shi ma ya kasa ganin wanda ke bayansa a layi. Ina roƙon ku riƙe wannan ma.

Haka zancen yake ga masu buƙata ta musamman. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, kuma akwai makarantar makafi da ta kurame a Yamai tun kafin nan. Amma ɗalibin da ke kan keken guragu ya san takarda ba ta hawa bene, kuma makaho ya san darasin da aka buga a fotokopi bai da amfani gare shi sai an samu mai karanta masa. Maganar hannu ta kurame ma harshe ce cikakkiya mai nahawunta, an rubuta littafi guda kan ta Kano a shekara ta 2000, amma ban ga an kafa mata rumfa a makon al'adu ba.

Jerin harsuna goma

Yanzu mu koma ga tambayar abokiyata. A watan Disamba 2001 aka yi dokar da ta jera harsunan ƙasa guda 10: Larabci, Buduma, Fillanci, Gurmanci, Hausa, Barbarci, Songai-Zabarmanci, Tamajak, Tasawak da Tubanci. Kundin tsarin mulki na 2010 ya ce duk al'ummomin ƙasa suna da ƴancin amfani da harsunansu, kuma harsunan daidai suke a matsayin harsunan ƙasa, Faransanci kuwa harshen hukuma. Wannan jeri nasara ce, kada a raina shi. Harshen da ya shiga jeri yana samun ƙa'idar rubutu, yana samun lokaci a rediyo da talabijin na ƙasa, yana samun littattafan yaƙi da jahilci, kuma ɗalibi na iya tunkarar malami da shi ba tare da dogon bayani ba.

To ina Kyanganci? Babu shi. Dandanci kuma an cusa shi ƙarƙashin Songai-Zabarmanci, ko da yake ɗan Gaya ya san bakinsa ya bambanta da na ɗan Doso. Wani zai ce ai masu Kyanganci kaɗan ne. Gaskiya ne. Amma Tasawak fa? Harshen garin Ingal ne, masu shi ƴan dubbai ne, kuma yana cikin jeri, kuma daidai ne ya kasance a ciki. Daga baya ma an ƙara Tagdal, harsunan suka zama 11. Wannan ya nuna abu biyu: ƙanƙanta ba ta hana shiga, kuma jerin ba saukakke ba ne, mutane ne suka rubuta shi, ana iya ƙara masa layi idan an samu masu tsayawa.

Me ya sa ba a samu masu tsaya wa Kyanganci ba? A ganina, don mu jikokinsu mun riga mun sami wata riga mai daɗin sawa. Ba Faransanci ne ya cinye Kyanganci a gidanmu ba. Kakata ba ta taɓa taka lakwal ba, ba wanda ya rataya mata sambol. Hausa ce ta cinye shi, sannu a hankali, ta kasuwa, ta aure, ta wa'azi, ta rediyo. Tana ƙirga kuɗinta da harshenta, tana faɗa da shi idan ranta ya ɓaci, amma da ɗiyanta Hausa take yi, don tana ganin ita ce za ta kai su gaba. Idan na tambaye ta wata kalma sai ta ce, "Mi za ka yi da maganar mutanen da? Ku da kunka yi boko." Ta rasu ina aji uku na kwaleji, ban ɗauki muryarta ba ko sau ɗaya. Ɗan abin da na samu a rubuce kan harshen, aikin wani baƙo ne, Ross Jones, wanda ya daɗe yana nazarin Boko da Busanci, ya kuma tattara kalmomin Kyanganci da Shanganci. Allah ya saka masa, amma abin kunya ne gare mu.

Hausa ta hau kujera

A watan Maris 2025 aka ƙaddamar da sabon kundin sake gina ƙasa. A cikinsa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, sauran kuma aka kira su harsunan da ake magana da su a Nijar. Ni mai rubutu da Hausa ne, wannan ɗan littafi da ke hannunku da Hausa muka buga shi, kuma ba zan ɓoye ba na ji daɗi. Harshen da aka rataya wa babana ƙashi saboda shi, yau ga shi a saman takardar ƙasa. Abin da Abdu Mumuni ya nema tun 1964 ya matso kusa.

Amma na zauna a site na ji abokaina Zabarmawa da Fulani da Barebari da Buzaye suna tambaya: mu fa? Da duk harsunan ƙasa ne, yanzu ɗaya ne. Wasu daga cikinmu suka ce musu ai kowa na jin Hausa, a bar zancen. Wannan amsa ta ba ni tsoro, don na san ta. Ita ce amsar da aka ba kakata. Kowa na jin Hausa a Junju, shi ya sa yau babu mai jin Kyanganci a gidanmu. Idan ba mu yi hankali ba, sambol ɗin da aka cire daga wuyanmu mu ne za mu rataya wa wani, ba da duka ba, da dariya da "ka yi Hausa mana".

Kuma ko cikin Hausar akwai manya da ƙanana. Mu mutanen yamma da ke cewa "munka tahi", "wanga yaro", "shina zuwa", mun san yadda ake murmushi idan mun buɗe baki a gaban wanda ya ɗauka Hausar littafi ce kaɗai Hausa. Daidaitacciyar Hausa kayan aiki ce, muna buƙatarta don mu karanta juna daga Gaya har Difa, daga Yamai har Kano. Amma ba alƙali ba ce da za ta yanke wa bakin uwar wani hukunci.

Abin da ke hannunmu

Ba na son in tsaya kan kuka, don tarihin nan ya nuna cewa ɗalibai da mata da malamai ne suka tura ƙofa, ba jira suka yi ba. Ga abin da nake ganin za mu iya, ba sai da kuɗin kowa ba.

Na farko, hutu na zuwa. Kowa na da salula a aljihu. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa mai jin harshen da ke gushewa, ko karin da ba a rubuta ba, ya nemi izininsu ya ɗauki murya: ƙirga, gaisuwa, sunayen itatuwa da na dangi, tatsuniya guda. Ya rubuta gari da rana. Mu tara, mu kai wa malamanmu, mu nemi a ajiye a IRSH ko CELHTO, tunda don haka aka kafa su.

Na biyu, mu masu shirin rubuta memuwar, mu daina rububin batutuwan da aka riga aka tatse. Tsarin sautin Kyanganci, Dandancin Gaya, Hausar Arewa, cuɗanyar harsuna a kasuwar Kamba, duk suna jiran mai ɗauka.

Na uku, a makon al'adu mai zuwa a kafa rumfa ɗaya ta waɗanda ba su cikin jeri, da maganar hannu a ciki. Rawa da tufafi suna da kyau, wasan taubasai ma UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014, muna alfahari da shi. Amma wanda ba a san da shi ba, ba shi da taubashi. Kafin a tsokane ka sai an san sunanka.

Na huɗu, idan za a raba takardun yabo, a duba su wa ke aikin a ɓoye. Ɗalibar da ke karanta wa makaho darasi kowane dare. Samarin da ke ɗaukar keken abokinsu zuwa bene na biyu. Tsohon ɗalibin da ke tarbar sababbi a tasha, ya fassara musu takardun rajista, ya ba su tabarma a ɗakinsa har su samu gado. Waɗannan su ne ke sa jami'a ta zama gidan kowa, kuma yabon da aka yi musu a bainar jama'a zai sa wasu su kwaikwaya.

Na biyar, gare mu Hausawa musamman: tunda harshenmu ya samu kujera, nauyi ya hau kanmu. Kowa ya koyi aƙalla gaisuwa da ƙirga da harshen abokin ɗakinsa. Idan ana taron ƙungiya aka juya zuwa Hausa, a tambaya ko akwai wanda aka bari a baya.

Abokiyar tawa da ta tambaya ko Kyanga ƙauye ne, yanzu ita ke tuna mini da alkawarin da na yi. An gaya mini akwai wata ƙanwar kakata da ke aure a hayin iyaka, wajen Kamba, wadda har yanzu take yin harshen. Na sayi katin ajiya na salula, na tanadi kuɗin kabu-kabu. Idan Allah ya kai mu hutu, ya kuma bar ta da rai, abin da na samo za ku gan shi a fitowa ta gaba. Wanda ke da irin wannan tsohuwa a gida, kada ya jira kamar yadda na jira.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu dace. Wassalam.